Tambaya da Amsa: Jirgin Jamus da Aka Ciro Daga Teku da Mutum Huɗun da Ke Cikinsa

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan karo duk sun shafi jiragen yaƙin Jamus masu jefa bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, musamman guda ɗaya da ya shekara 73 a ƙarƙashin teku. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ga wani bidiyo inda ake ɗago wani tsohon jirgin sama daga cikin teku, gansakuka da ciyawar ruwa sun lulluɓe shi, aka ce na Jamus ne tun yaƙin Hitila. Wane irin jirgi ne, me ya kai shi can, kuma ina mutanen cikinsa suka shiga? *Daga wani malamin makaranta, Zariya.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jirgin da ka gani ƙirar Dornier Do 17 ne, kuma an ɗago shi ranar 10 ga Yuni, 2013 daga wani tudun yashi na cikin teku da ake kira Goodwin Sands, kimanin kilomita 10 daga garin Deal na gundumar Kent, a kudu maso gabashin Ingila. Gidan tarihin rundunar sojan saman Birtaniya, wato RAF, shi ne ya ɗauki nauyin aikin, saboda cikin jirage sama da 2,000 irinsa da Jamus ta ƙera, babu wanda ya rage da cikakkiyar siffarsa in ba wannan ba.

Kamfanin Claude Dornier da ke Friedrichshafen ne ya ƙera shi, ya kuma fara tashi a ƙarshen 1934. Siririn jiki gare shi, har aka yi masa laƙabi da fensir mai tashi. Dabarar da aka gina shi a kanta ita ce gudu ya zama garkuwarsa, wato ya kai bama-bamai ya juyo tun kafin jiragen farauta na abokan gaba su cim masa. A gasar jiragen sama da aka yi a Zurich a 1937 wani samfurinsa ya nuna cewa dabarar tana aiki, amma a wancan zamani shekara uku ta isa ta tsufar da jirgi. Zuwa 1940, samfurin Do 17Z mai inji biyu, wanda ke ɗaukar bama-bamai har kilo 1,000, gudunsa bai haura kilomita 420 a awa da wani abin kirki ba, alhali Hurricane na Ingila ya wuce 500, Spitfire kuwa ya fi haka. Garkuwar ta tafi ke nan, sai 'yan bindigogi ƙanana da aka liƙa a tagogi, kowace tana cin gwangwanin harsashi 75 wanda ke ƙarewa cikin daƙiƙa biyar, sannan sojan ya cire shi ya ɗaura wani da hannu yayin da jirgin ke tangaɗi.

Mutum huɗu ne ke cikinsa, kuma duk a gaba suke zaune a cunkushe, wurin bai fi cikin ƙaramar motar haya ba. Wannan tsari yana da amfaninsa, domin suna ganin juna, wanda ya ji rauni kuma ɗan'uwansa zai iya kai masa hannu. Illarsa ita ce ruwan harsashi guda da ya sami gaban jirgin zai iya taɓa su duka a lokaci ɗaya.

Bisa bayanin gidan tarihin, an fi kyautata zaton cewa wannan jirgi shi ne mai lamba 5K+AR na rundunar KG 3, wadda ke da sansani a Sint-Truiden ta ƙasar Beljiyam. Ranar Litinin 26 ga Agusta, 1940 ya tashi cikin ayari zuwa Ingila, a daidai makonnin da Hermann Göring, shugaban sojan saman Jamus, ya mayar da ƙarfin rundunarsa kan filayen jiragen RAF da nufin karya su kafin a tsallaka da sojan ƙasa. Filayen da aka fi ambata a harin wannan rana su ne Debden da Hornchurch. A sararin samaniyar Kent jiragen Ingila suka tare su, ciki har da rukuni na 264 mai amfani da wani jirgi da ake kira Defiant, wanda ba shi da bindiga ko ɗaya mai kallon gaba, sai guda huɗu a wata 'yar hasumiya mai juyawa a bayan matuƙi. Defiant yakan shiga ƙarƙashin jirgin bama-bamai ko gefensa ya yi harbi sama, kuma a kan Dornier dabarar tana ci, amma da zarar jiragen rakiya na Jamus ƙirar Messerschmitt 109 sun sauko sai labari ya sha bamban. Rukunin ya rasa jirage uku a wannan rana, kuma kafin watan ya ƙare aka janye shi daga yaƙin rana.

Dornier ɗin ya sha harbi, matuƙinsa ya ga ba zai kai gaɓar Faransa ba, sai ya nemi ya kwantar da shi a kan yashin Goodwin lokacin da ruwa ya janye. Jirgin ya kife, kuma a kife aka same shi bayan shekaru. Matuƙin, Willi Effmert, ya tsira da rauni tare da Hermann Ritzel, aka kama su fursunonin yaƙi, daga bisani aka kai su Kanada. Helmut Reinhardt mai kula da rediyo, ɗan shekara 27, da Heinz Huhn ɗan shekara 21, sun rasu.

A ganina, asarar da ta fi yi wa Jamus ciwo a wannan rana ta mutanen ce. Masana'anta za ta iya fitar da wani jirgi cikin kwanaki, ga shi ma an riga an daina ƙera Do 17 a cikin 1940 domin Junkers 88 ya maye gurbinsa, amma horar da matuƙin jirgin bama-bamai yakan ci fiye da shekara. Matuƙin Ingila da aka harbo, in ya diro da laima lafiya, a ƙasarsu ya sauka, kuma washegari zai iya hawa wani jirgi. Bajamushe kuwa ko ya tsira ko ya mutu, rundunarsa ta yi bankwana da shi har ƙarshen yaƙi. Ta wannan lissafi, KG 3 ta rasa duka huɗun ne, ba biyu ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na karanta cewa gawar ɗaya daga cikinsu a Ingila take, ɗayar kuma a Holan. Yaya aka yi mutum biyu da suka faɗo a jirgi ɗaya suka kwanta a ƙasashe biyu? Kuma me zai sa Ingila ta yi wa wanda ya zo jefa mata bam sutura? *Daga wata mai karatu, Maraɗi.*

Amsa: Hajiya, teku ce ta raba su. Goodwin Sands yana bakin mashigin Dover ne, inda ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa yake matsewa ya haɗu da Tekun Arewa, kuma igiyar ruwa a wurin tana da ƙarfi ƙwarai, tana sauya alkibla sau da yawa a yini. Gawar Huhn ta fito a gaɓar Ingila, ta Reinhardt kuwa ruwa ya tafi da ita har Holan, wadda a lokacin tana hannun sojan Jamus. Yau Huhn yana maƙabartar sojan Jamus ta Cannock Chase da ke Staffordshire, Reinhardt kuma yana ta Ysselsteyn a Holan, inda kaburbura suka haura 31,000.

Wannan ruwa ya ci matuƙa jirage da yawa na ɓangarorin biyu, ciki har da waɗanda suka fito daga jirginsu ba ko ƙwarzane. Ko a tsakiyar bazarar Turai ruwan yana da sanyin da zai kashe wa mutum gaɓɓai cikin 'yan awoyi, kuma kan mutum a cikin igiya abu ne mai wuyar hangowa daga sama. Jamus ta fi Ingila shiri a wannan fanni a 1940, domin tana ba mutanenta ƙaramin kwalekwalen roba da wani garin rini da ke mayar da ruwa kore shar domin a gane inda suke, tana kuma da jiragen ceto masu sauka a kan ruwa, fentinsu fari da alamar Red Cross. Sai dai a watan Yulin 1940 Birtaniya ta sanar cewa ba za ta ƙyale waɗannan jirage ba, bisa zargin suna leƙen asirin ayarin jiragen ruwanta, kuma ta harbo wasu daga cikinsu. Ita kanta Birtaniya sai a farkon 1941 ta kafa tsayayyen sashen ceto a teku, bayan ta yi asarar da ba ta kamata ba.

Game da sutura kuwa, yarjejeniyar Geneva ta 1929 ta wajabta wa ƙasashen da suka sa hannu su binne matattun abokan gaba cikin mutunci, su sa wa kabari alama, su kuma aika da sunaye. Kowane sojan Jamus yana rataye da wani ɗan faifan ƙarfe a wuya, mai tsaga a tsakiya, an buga bayani iri ɗaya a kowane ɓari. In ya mutu sai a karya shi, a bar rabi a jikin gawa, rabi ya tafi wurin masu lissafi, kuma ta ofishin Red Cross da ke Geneva labari yake isa ga iyalinsa. A farkon yaƙin ma har da faretin soja ake yi. Ranar 30 ga Afrilu, 1940 wani jirgin bama-baman Jamus ƙirar Heinkel 111 ɗauke da nakiyoyin ruwa ya faɗo cikin unguwa a garin Clacton, ya kashe mutum huɗun da ke cikinsa da wasu mata da miji mazauna wurin, ya raunata sama da mutum 150, amma duk da haka da girmamawar soja aka binne Jamusawan.

Kada a ɗauka wannan yana wanke aikin da suka zo yi. Bama-bamai suka ɗauko, a madadin gwamnatin da ta riga ta murƙushe Folan da Holan da Beljiyam da Faransa. Gawar aka mutunta, kuma ba a nemi kowa ya yafe wa wanda ya aiko ta ba. Bayan yaƙi, a 1959, Birtaniya da Jamus ta Yamma suka yi yarjejeniyar tattaro kaburburan da ke warwatse a maƙabartun garuruwa zuwa Cannock Chase, aka buɗe wurin a 1967, kuma kusan mutum 5,000 na yaƙe-yaƙen duniya biyu ke kwance a can.

Tambaya: Malam, ashe ba tone kabari ba ne a ciro irin wannan jirgi? *Daga wani ɗalibin shari'a, Sakkwato.*

Amsa: Tambayarka tana kan hanya, ɗalibi. A Birtaniya akwai dokar kare ragowar kayan soja ta 1986, wadda ta haramta taɓa duk wani jirgin saman soja da ya faɗi a ƙasarta ko a ruwanta, na gida ko na abokan gaba, sai da lasisin ma'aikatar tsaro, kuma bisa al'ada ba a bayar da lasisin in ana zaton akwai gawa a ciki. A nan an kafa hujja da cewa an san makomar duka huɗun, biyu a kabari, biyu sun tsira, saboda haka jirgin ba kabari ba ne.

Sai dai ka lura da inda hujjar ta dogara. Tana da ƙarfi ne in har jirgin shi ne 5K+AR, kuma an kai ga wannan suna ta hanyar gwada wurin da aka same shi da takardun asarar jirage na lokacin. Jiragen Dornier da dama sun faɗa ruwan Kent a waɗannan makonni, shi ya sa wasu masu bincike suka nuna shakku, gidan tarihin kansa ma da lafazin kyautata zato yake magana. Abin da ba ya rawa shi ne labarin mutanen huɗu, domin takardun fursunoni da duwatsun kabari suna nan. Abin da ake muhawara a kai shi ne ko wannan ƙarfen ne nasu.

Tambaya: Ni makaniki ne, kuma na san abin da ruwan gishiri ke yi wa ƙarfe. Yaya jirgi zai shekara 73 a teku a same shi da fukafukai? Kuma me suke fesa masa a cikin rumfar leda? *Daga wani mai gareji, Kano.*

Amsa: Maigida, yashi ne ya ajiye shi. Tudun Goodwin yana da tsawon kusan kilomita 16, kuma yashinsa ba ya zama wuri ɗaya. An ƙiyasta cewa jiragen ruwa sama da 2,000 sun hallaka a kansa, ciki har da manyan jiragen yaƙin Ingila huɗu a guguwar 1703. Abin da ya faɗa ciki yakan nutse, yashi ya rufe shi ya hana iska isa gare shi, kuma inda babu iska lalacewar ƙarfe tana tafiya a hankali. Da yashin ya gusa sai jirgin ya bayyana, masu nutso suka gan shi a 2008 a zurfin kimanin mita 15, aka kuma ɗauki siffarsa da na'urar da ke aika sauti ƙarƙashin ruwa. Yana kwance a bayansa, farfelolinsa a lanƙwashe, kuma abin da zai ba ka mamaki a matsayinka na mai gareji shi ne tayoyinsa na nan da iskarsu.

Bayyanar tasa ita ce ta zama haɗari gare shi, domin daga nan igiyar ruwa da halittun teku da ragar masunta suka fara cinsa. Asusun adana kayan tarihi na ƙasar ya ba da fam 345,000, aka haɗa da wasu gudummawa, aka fara aiki a watan Mayun 2013. Shirin farko shi ne a harhaɗa wani firam a ƙarƙashin jirgin a ɗago shi a kwance, amma iska ta yi ta korar jirgin ruwan aikin zuwa tashar Ramsgate, masu nutso kuma ba sa samun ko awa guda a kowane juyin ruwa kafin igiya ta fi ƙarfinsu. Da kuɗi da lokaci suka fara ƙarewa sai aka sauya dabara, aka ɗaura igiyoyin ƙarfe a wurare mafi ƙarfi na jikinsa aka ɗago shi kai tsaye, aka koma daga baya aka kwaso sassan da suka ɓalle. Kasada ce, kuma an ci sa'a.

Babban aikin bayan fitowarsa ya fara. Jikin jirgin na alminiyam ne, kuma gishirin teku ya riga ya shige cikin kowane ƙaramin rami nasa. In aka bar shi ya bushe a iska, wannan gishiri zai ci ƙarfen daga ciki har ya koma gari cikin ɗan lokaci. Saboda haka aka raba fukafukan da gangar jikin, aka ɗora su a mota zuwa reshen gidan tarihin da ke Cosford a Shropshire, tafiyar sama da kilomita 300, aka shigar da su rumfunan leda biyu. Abin da ka ga ana fesawa ruwa ne mai sinadarin tsami irin na lemun tsami, wanda aka daidaita ƙarfinsa da shawarar masana daga Imperial College ta Landan, domin ya sassauta dattin teku ya kuma janyo gishirin ba tare da ya ci ƙarfen ba. An yi watanni masu yawa ana wannan feshi, ma'aikata da 'yan sa-kai suna bi da ƙananan kayan hannu suna kankarewa.

Gidan tarihin ya yanke shawarar ba zai gyara shi ya koma sabo ba, zai dai tsayar da lalacewarsa ne a bar shi yadda teku ta maido shi. Na goyi bayan wannan. In aka sauya fatar jikinsa aka yi masa fenti, ramukan harsashi da lanƙwasar farfela, waɗanda su ne shaidar abin da ya faru, za su tafi tare da tsohon ƙarfen.

Tambaya: Malam, kakanmu ya sha gaya mana cewa wani jirgin Jamus ya taɓa jefa bam a Fort Lamy, wato Njamena ta yau, kuma a hanyar komawa ya ɓace a hamada da mutanensa. Gaskiya ne ko tatsuniya? *Daga wani ɗan kasuwa, Njamena.*

Amsa: Alhaji, kakanku bai yi tatsuniya ba, ƙarshen labarin ne kawai ya ɗan sauya a baki. Chadi, wadda Faransa ke wa mulkin mallaka, a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agusta, 1940, wato ranar da Dornier ɗin da muke magana a kai ya faɗa Goodwin, ko da yake babu abin da ya haɗa al'amuran biyu sai kwanan wata. Wannan mataki ya buɗe wa Birtaniya hanyar kai jirage Masar ba tare da bi ta Bahar Rum ba. Ana kawo su a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da El Fasher da Khartoum har Alƙahira. Fort Lamy ta zama mashayar mai a tsakiyar hanyar, kuma daga Chadi ne Leclerc, wani kwamandan sojan de Gaulle, yake kai wa Italiyawa hari a kudancin Libiya.

Wani hafsan Jamus mai suna Theo Blaich, wanda ya san Afirka tun kafin yaƙi, shi ya kawo shawarar a kai wa garin hari. A watan Janairun 1942 wani Heinkel 111 guda ɗaya tak, ɗauke da mutum shida ciki har da wani hafsan Italiya masanin hamada, ya tashi daga wani fili a kudancin Libiya da Italiyawa ke kira Campo Uno, ya keta tafiyar sama da kilomita 1,000, ya iso Fort Lamy da rana ba wanda ya zace shi. Bama-bamansa ƙanana ne, amma sun faɗa kan rumbun mai na filin jirgi, dubban ɗaruruwan lita suka ƙone.

A hanyar komawa dare ya yi musu, mai ya ƙare, matuƙin ya saukar da jirgin a hamada lafiya kafin su kai sansaninsu. Sun yi kusan mako guda a wurin suna tsimin ɗan ruwan da ya rage, har wani jirgin sintirin Italiya ya hango su, sannan wani jirgin ɗaukar kaya na Jamus ƙirar Junkers 52 ya kawo musu mai, suka tashi da nasu jirgin suka koma. Ɓatan da kakanku ya ji labari ya faru, amma na kwanaki ne, kuma babu wanda ya mutu a cikinsu. Bambancinsu da mutanen Goodwin shi ne sun sauka a busasshiyar ƙasa da babu abokin gaba kusa, rediyonsu kuma yana aiki. Harin ya kawo tsaiko na ɗan lokaci, Faransawa suka ƙara bindigogin kakkaɓo jirage a Fort Lamy, kuma zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi hanyar Takoradi zuwa Masar.